Muhawara: Sifikar tsakiya, a kwance za ta zauna ko a tsaye?

Baban Ummi:
Assalamu alaikum. Akwai wata matsala da ta dame ni tun watan jiya, kuma na san wannan zaure ba ya rasa waɗanda suka san kan sauti. Na sayi sifikoki biyar 'yan gwanjo da akwatin bes ɗaya, wato mai fitar da sauti mai kauri, da amfilifaya, na haɗa su a falo. Sifikar tsakiya doguwar nan ce da ake kwantarwa, mai wufa biyu, wato manyan ƙwayoyin da ke fitar da kauri da tsakiyar sauti, ɗaya a dama ɗaya a hagu, da ƙaramar tuwita mai fitar da siririn sauti a tsakaninsu, kuma na tura ta cikin ramin kantar da ke ƙarƙashin talabijin. Idan na zauna a doguwar kujera mai fuskantar talabijin kai tsaye, magana tana fita tas, ba na rasa ko kalma ɗaya. Amma Hajiya mahaifiyata, wadda kujerarta ke jikin bangon dama, kullum sai ta ce mutanen cikin fim suna magana kamar an toshe musu baki da tsumma. Da farko na ɗauka shekaru ne suka taɓa mata ji, har na ƙara wa sifikar tsakiya ƙarfi da desibel 6, sai ya zama ni hayaniya ta ishe ni, ita kuma ta ce ƙara ce kawai ta ƙaru, maganar tana nan a cunkushe. Jiya da dare na zauna a kujerar tata da kaina, na ji abin da take ji, na kuma ji kunyar zargin da na yi wa kunnenta. Shin sifikar ce ta lalace, ko kuwa ajiyar ce ba daidai ba?

Ɗan Zariya:
Wa alaikumus salam. Kafin a yi nisa, Baban Ummi, ka leƙa bayan amfilifaya da bayan sifikar ka tabbatar jar waya tana kan jan ƙulli, baƙa tana kan baƙi. Idan an juya su a sifikar tsakiya kaɗai, ita za ta riƙa turo iska a lokacin da na dama da na hagu ke janyewa, kuma murya takan rame saboda haka. Sannan ka ciro ta daga cikin ramin nan, domin sifikar da aka tura cikin akwati muryar akwatin take ɗauka.

Baban Ummi:
Na duba wayoyin, duk suna daidai. Na kuma jawo ta gaba har fuskarta ta ɗan wuce bakin katakon, kuma gaskiya gunjin da ke bin muryar maza ya ragu sosai, na gode. Sai dai a kujerar Hajiya har yanzu akwai abin da ya ɓace.

Malamin Kimiyya:
Ina ganin na san inda gizo ke saƙa, amma ina buƙatar awo uku. Nawa ne tsakanin sifikar da doguwar kujera, nawa ne kujerar Hajiya ta kauce gefe daga layin tsakiya, sannan nawa ne daga cibiyar wufar dama zuwa cibiyar wufar hagu?

Baban Ummi:
Na ari tef ɗin ɗinkin Maman Ummi na auna. Daga sifika zuwa doguwar kujera mita 3 ne, kujerar Hajiya ta kauce dama da mita 1 da rabi, tsakanin wufa da wufa kuma santimita 30 ne cif.

Malamin Kimiyya:
To, sifikarka lafiyarta ƙalau, kunnen Hajiya ma lafiyarsa ƙalau. Wufa biyun nan sauti iri ɗaya suke fitarwa a lokaci ɗaya. Wanda ya zauna a tsakiya nisansa da kowaccensu ɗaya ne, don haka sautin biyun yana isa kunnensa tare, ɗaya yana ƙarfafa ɗaya. Wanda ya kauce gefe kuwa, wufar da ke ɓangarensa ta fi kusa da shi, sautin ɗayar sai ya ɗan makara. Da awon da ka bayar, Hajiya tana zaune a kusurwar digiri 27 daga layin tsakiya, kuma wufar hagu ta fi ta dama nisa da kunnenta da kimanin santimita 13.

Santimita 13 kamar ba komai ba ne, amma sauti igiya ce mai tudu da kwari, tana tafiyar kimanin mita 343 a daƙiƙa ɗaya. Sautin da ke kaɗawa sau 1,000 a daƙiƙa, wato 1,000 Hz, tsawon zangonsa daga tudu zuwa tudu kusan santimita 34 ne, na 2,000 Hz kuma santimita 17. Duk lokacin da makarar ta yi daidai da rabin zango, tudun wufa ɗaya zai faɗa cikin kwarin ɗayar, su kashe juna. Rabin zango na santimita 13 da ɗoriya yana nufin cikakken zango na kimanin santimita 27, wanda ya faɗo a wajen 1,300 Hz. Yawancin irin waɗannan sifikoki ba sa miƙa wa tuwita aiki sai an kai 2,000 ko 2,500 Hz ko ma sama, saboda haka a 1,300 Hz wufa biyun ne ke ɗauke da nauyin, kuma a kujerar Hajiya suna cin juna. Ka tuna tsohuwar wayar tarho daga 300 zuwa 3,400 Hz kawai take ɗauka, amma ana gane magana sarai, domin nan ne zuciyar muryar ɗan Adam take. Ramin da ya samu Hajiya, wato wurin da sautin ya kashe juna ya ɓace, yana tsakiyar wannan fage. Shi ya sa ƙarin desibel 6 bai yi mata amfani ba: ka ƙara wa wufa biyun ƙarfi tare, suka ci gaba da kashe juna da ƙarin ƙarfi, sauran sautin da ke kewaye da ramin ya ƙara lulluɓe maganar.

Alhaji Mai Shago:
Malam, lissafinka ban isa in yi jayayya da shi ba, amma ni shekaruna da dama ina sayar da kayan sauti, kuma kusan duk saitin da ya shigo hannuna da irin wannan sifika mai kwanciya yake zuwa, har da na manyan kamfanoni masu injiniyoyi da ɗakunan gwaji. Idan tsarin nan kuskure ne, ta yaya za su yi ta ƙera shi shekara da shekaru? Ban taɓa samun wanda ya dawo mini da ita a kan wannan dalili ba.

Injiniya:
Alhaji, tambayarka tana kan hanya, amsarta kuma ba a cikin sauti take ba, a cikin siffar talabijin take. Mai saye yana son abin da zai shige ƙarƙashin allo ba tare da ya tare hoto ba, kuma ido yana son ganin dama da hagu sun yi daidai, don haka aka kwantar. Shi kansa tsarin wufa biyu da tuwita a tsakiya ana danganta shi da wani injiniya Ba'amurke, Joseph D'Appolito, wanda ya yi bayaninsa a 1983, kuma a tsaye ya tsara shi, wufa ɗaya a sama ɗaya a ƙasa. Idan yana tsaye, duk inda ka matsa dama ko hagu nisanka da wufa biyun ba ya canzawa, sauti yana bazuwa a faɗin ɗaki lafiya, ramukan kuma suna komawa sama da ƙasa, wajen silin da daɓe, inda babu mai zama. Da aka kwantar da shi sai aka juya komai: faɗin ya koma sama da ƙasa, ramukan suka dawo dama da hagu, daidai inda kujeru suke.

A gidan sinima na gaske ba a kwantar da komai. Sifikoki uku iri ɗaya ne a tsaye a bayan allo, shi kuma allon yana da ƙananan huji masu yawa da sauti ke ratsawa. Tunanin sifika ta uku a tsakiya ma tsoho ne, tun a 1933 injiniyoyin kamfanin tarho na Bell a Amurka suka aika kiɗan ƙungiyar makaɗa daga Filadelfiya zuwa Washinton ta layuka uku, dama da hagu da tsakiya. Manufar ita ce wanda bai zauna a tsakiya ba shi ma ya ji abin tsakiya daga tsakiya. Abin mamaki ne a ce sifikar da aka ƙirƙira saboda na gefe ita ce kuma ta fi cutar na gefe. Batun rashin dawo da kaya kuwa, wanda ya biya kuɗin yawanci shi ke zama a kujerar tsakiya.

Alhaji Mai Shago:
Wannan maganar ta ƙarshe ta same ni, Injiniya. Amma bari in ƙara ɗaya. Falonmu ba ɗakin gwaji ba ne. Ƙasa tayil, bango siminti da fenti, silin filasta, sauti yana ta bugawa yana dawowa ta ko'ina. Ashe wannan dawowar ba za ta cike ramin da Malam ke faɗa ba?

Malamin Kimiyya:
Tana cikewa, Alhaji, amma ba da abin da aka rasa ba. Gaskiya ne idan aka sa na'urar awo a falo mai tayil ramin ba zai yi zurfi kamar yadda lissafi ya nuna ba, domin sautin da ya bugi bango da silin yana zuwa ta wasu kusurwoyi da ba su da rami a wannan wuri. Sai dai wannan sauti a makare yake zuwa, kuma daga wurare da yawa, don haka ƙarfi yake ƙarawa, ba tsabta ba. Wasula suna jure wannan domin suna da tsawo da ƙarfi, amma baƙaƙe gajeru ne, ƙiftawar ido suke yi su wuce, kuma yawancin abin da ke bambanta su yana sama da 1,000 Hz. A harshen da kara da ƙara ba ɗaya ba ne, sara da tsara ba ɗaya ba ne, idan sautin farko mai zuwa kai tsaye ya raunana, mai sauraro sai ya riƙa cike gurbi da zato, kuma wannan ne ke gajiyar da mutum kafin fim ya kai rabi. Ga fanka tana juyawa, ga janareto a waje, duk suna cin nasu rabon.

Akwai kuma abin da ya shafi yadda muke jera kujeru. Ƙa'idar da ƙungiyar sadarwa ta duniya, ITU, ta shimfiɗa wa tsarin sifikoki biyar ta ɗauka mai sauraro yana tsakiya, sifikar tsakiya a gabansa, na dama da na hagu a digiri 30 kowacce. Mu kuwa kujerunmu jikin bango suke bi su kewaye falo, a bar fili a tsakiya, saboda falo wurin karɓar baƙi ne kafin ya zama wurin kallo. Mutum biyu ko uku ne kawai ke fuskantar talabijin, sauran suna digiri 30 ko 40 ko fiye. Matsalar da a wani gida kujerar ƙarshe kaɗai take shafa, a namu rabin mutanen ɗaki take shafa.

Mai Lasifika:
Ni ban yi karatun lissafi ba, aikina haɗa sauti ne a masallatai da wuraren wa'azi da ɗaurin aure, amma abin da Malam da Injiniya suka faɗa hannuna ya san shi. Siriran sifikokin nan dogaye da muke maƙalawa a ginshiƙan masallaci, ƙananan sifikoki ne aka jera ɗaya bisa ɗaya. A tsaye suna watsa murya a faɗin sahu, ba sa jefa ta sama ta je ta bugi rufi ta dawo. Akwai wani masallaci da aka kira ni, na tarar wani ya kwantar da su a saman tagogi don su yi kyau a ido, sai ya zama mutanen da ke daidai gabansu kaɗai ke jin huɗuba, taku uku zuwa gefe kuwa sai gunji. Ban canza ko waya ɗaya ba, na dai tayar da su tsaye, liman ya ce in faɗa masa sabuwar na'urar da na kawo. Haka ma manyan akwatunan da ke da ƙaho, da yawa ƙahon yana buɗewa digiri 90 a faɗi, 40 ko 50 a tsayi. Idan dole ta sa za ka kwantar da akwatin, sai ka kwance ƙahon ka juya shi, a waɗanda aka ƙera su don a juya.

Ɗan Zariya:
To me zai hana a bar amfilifaya ta gyara da kanta? Na zamani suna zuwa da ƙaramin makirufo, Audyssey a Denon da Marantz, YPAO a Yamaha, suna auna ɗaki su daidaita komai.

Injiniya:
Suna daidaita nisa da ƙarfi da wasu kurakuran bes, kuma yana da kyau a yi amfani da su. Amma wannan rami ba su da iko a kansa, domin sigina ɗaya suke aika wa akwatin, shi kuma ramin a cikin iska yake faruwa bayan sauti ya fito. Idan ka ajiye makirufon a kujerar Hajiya, na'urar za ta yi ƙoƙarin ɗaga 1,300 Hz, wanda ba zai cike mata ramin ba, kai kuma a tsakiya muryoyi su koma kamar ana magana ta hanci. Gyara ɗaya ba ya wadatar da kujeru biyu da ke jin abu daban.

Maman Sadiƙ:
Ina bin muhawarar nan tun farko, kuma ina da tambaya a kan tayar da ita tsaye. Kun ce ramukan za su koma sama da ƙasa inda babu mai zama. A gidana akwai masu zama a can. Yara a kan kafet suke kallo, wasu ma a kwance rub da ciki kusa da talabijin, ni ma sau da yawa a ƙasa nake zama ina gyaran kayan miya. Ba mu za a mayar wa matsalar ba ke nan?

Malamin Kimiyya:
Tambaya ce mai kyau, Maman Sadiƙ, kuma Injiniya ya ɗan yi gaggawa da ya ce babu mai zama. Amma a lissafa a gani. Bambancin tsayin kunnen wanda ke kan kujera da na babban mutum da ke zaune a ƙasa bai cika wuce santimita 35 ko 40 ba. A nisan mita 3, wannan kusurwar digiri 7 ce kacal, bambancin nisan wufa biyun kuma santimita 3 da rabi, wanda ke kai ramin wajen 4,900 Hz. A can wufa sun riga sun yi shiru, tuwita ce kaɗai ke aiki, ita kuma ba ta da abokiyar faɗa. Don haka ke da ke zaune a ƙasa daga nesa ba abin da zai same ki. Yaron da ya kwanta mita 1 daga sifikar, kansa a ƙasa, shi kam zai faɗa cikin rami, sai dai shi dama ya kamata a ce ya ja da baya. A kowane falo, bambancin da ke tsakanin mutane a faɗi ya fi wanda ke tsakaninsu a tsayi nesa ba kusa ba, shi ya sa tsayuwa ta fi.

Ɗan Zariya:
Idan wufa biyu ne ke faɗa, a cire wayar ɗaya mana, a huta.

Injiniya:
Kada a yi haka. Ɗan allon lantarkin da ke raba sauti tsakanin wufa da tuwita a cikin akwatin an lissafa shi ne a kan wufa biyu, idan ka cire ɗaya ka canza nauyin da yake gani, wurin miƙa aiki ga tuwita zai gurɓata, ƙarfin wufa ya ragu, tuwita ta yi ta tsiwa ita kaɗai. Wasu kamfanoni suna yin abin da kake nufi ta hanyar da ta dace, su bar wufa ɗaya ta tsaya a bes kawai, ɗayar ta haura zuwa tuwita. Wanda zai sayi sabuwa kuma dole ta kwanta, ya nemi mai hanya uku, wadda ke da ƙaramar sifikar murya a tsakiya da tuwita a samanta, manyan wufa biyu a gefe suna ɗaukar ƙasan sauti kawai, inda zango ke da tsawo har bambancin santimita 13 ba ya yin tasiri. Ko kuma ya nemi wadda tuwitarta ke zaune a cikin cibiyar sifikar murya, irin wadda kamfanin Tannoy ke yi tun 1947, kamfanin KEF kuma tun 1988, domin irin wannan ƙwaya ko ta yaya ka juya ta sauti daga wuri ɗaya yake fitowa. Mafi arha duka ita ce ƙaramar sifika ta talaka mai wufa ɗaya da tuwita ɗaya, irin ta dama da hagu, a tsayar da ita yadda aka ƙera ta. Ita ma idan aka kwantar da ita, ɓangaren tuwita da ɓangaren wufa ba za su ji abu ɗaya ba.

Alhaji Mai Shago:
Akwai masu kashe sifikar tsakiya gaba ɗaya a cikin saitin amfilifaya, su bar na dama da na hagu su raba muryar. Wannan fa?

Injiniya:
Ga mutum ɗaya mai zama a tsakiya yana aiki, murya za ta tsaya a kan allo kamar akwai sifika a wurin. Ga na gefe kuwa, kunne yana bin sautin da ya fara isowa, don haka Hajiya za ta ji duk maganar tana fitowa daga sifikar dama, bakin mai magana yana can, muryarsa tana nan. Mai yiwuwa ta fi gane kalmomin fiye da yanzu, kuma gwaji ne da ba ya cin ko sisi. Baban Ummi, kafin komai, ka kunna sautin gwajin da ke cikin amfilifaya, mai shuuu ɗin nan, ka tsayar da shi a sifikar tsakiya, ka sunkuya daidai tsayin mai zama ka yi tafiya a hankali daga bangon dama zuwa na hagu. Ka yi haka tana kwance, ka sake yi tana tsaye. Idan akwai teburin gilashi a tsakiyar falo ka shimfiɗa masa zane tukuna, kuma idan tuwitar tana ƙasa da kunne, ka cusa guntun roba a ƙarƙashin gaban akwatin don ta ɗan ɗaga kai ta dubi masu zama.

Baban Ummi:
Na yi gwajin bayan sallar isha'i, Maman Ummi tana ta kallona ina tafiya a tsugune kamar agwagwa. Tana kwance, sautin yana canza launi sau biyu kafin in kai bango, ya rame ya dawo. Da na tsayar da ita a kan ƙaramar kujerar katako, tuwita daidai kunne, sautin bai canza ba sai can dab da bango. Na mayar da desibel 6 ɗin nan sifili, na kira Hajiya ban gaya mata komai ba, na kunna labarai. Ba a yi minti biyu ba ta fara gyara wa mai karanta labarai Hausarsa, abin da ta daina yi tun da na kawo kayan nan. Saura matsala biyu. Akwatin tsawonsa ya kai rabin mita, yana tare ƙasan hoto, sai na ɗaga talabijin sama. Na biyu kuma Ummi ta fara tafiya tana kama duk abin da ta gani, Maman Ummi ta ce ba za a bar abu mai nauyi haka a tsaye a kan kujera ba. Tambarin kamfanin ma yanzu a karkace yake, amma wannan ni kaɗai ya dama.

Mai Lasifika:
Kada ka ɗaga talabijin ya wuce kima, wuya za ta gaya muku. Ka sauke sifikar ƙasa kaɗan maimakon haka, ka karkata ta sama ta dubi kunnen masu zama a doguwar kujera. Ka kai wa mai walda awon akwatin ya yi maka ƙarfe mai kama da kwando mai ƙusa huɗu a bango, a liƙa roba a inda ƙarfe zai taɓa katako don kada ya yi ta kaɗawa. Ka duba bayan akwatin tukuna, idan yana da ramin fitar iska a baya, ka ce a bar masa tazarar da hannu zai shiga tsakaninsa da bango.